Ranar da Jiki Ya Ƙi Aiki: Tarihin Fanshon Naƙasa a Najeriya

Ɗalibin da ya bi Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani a zauren malami har ya iso babin jini da haddodi yakan tarar da gaɓoɓin ɗan Adam a jere, kowace da ƙimarta. Cikakkiyar diyyar rai raƙuma 100 ce, ko dinare 1,000, ko dirhami 12,000. Hannu ɗaya rabin wannan ne. Ido ɗaya ma rabi, in ban da idon mai ido ɗaya, wanda Malikawa suka yanka wa cikakkiyar diyya tunda da shi kaɗai yake gani. Yatsa raƙuma 10, haƙori 5. Wanda aka buga har hankalinsa ya gushe ko jinsa ya tafi, diyyarsa cikakkiya ce. Idan kuskure ne, kuma abin ya kai sulusin diyya, dangin mai laifin na wajen uba ne ke haɗuwa su biya.

Ke nan tun kafin Bature ya zo da fom da hatimi, alƙalan ƙasar Hausa sun san naƙasa asara ce da ake iya ƙiyastawa a biya. Sai dai diyya tana buƙatar wanda ya yi raunin. Maginin da ya zame daga kan katanga, da mai haƙar rijiya da ƙasa ta rufta masa, da marinin da yanar ido ta rufe masa gani, ba su da wanda za su kai ƙara. Gandu ne ke ɗaukar nauyinsu: ƙanne da 'ya'ya su yi noma, a ɗebo musu daga rumbu ɗaya. Wanda ba shi da dangi sai zakka da sadaka, sai kuma inuwar Sarkin Makafi, Sarkin Guragu ko Sarkin Kutare, sarautun da har yau ake naɗawa a masarautu da dama. Tsarin bai wadatar ba, mutane da yawa a bara suka ƙare. Amma kowa ya san ƙofar da zai nufa.

Aikin albashi ne ya rikita wannan lissafi. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kuma buɗe ramukan kuza a Jos da Bukuru da na kwal a Inugu, sai samari suka bar gandu suka tafi neman kuɗin haraji da na aure. Wanda taragu ya take masa ƙafa a can, ba gandun ya yi wa aiki ba, amma gandun za a mayar wa da shi.

A lokacin akwai kwamitin likitoci, akwai kuma ritaya saboda rashin lafiya, amma galibi na Turawa ne. Zazzaɓin cizon sauro da shawara sun yi wa jami'an mulkin mallaka ɓarna sosai a Afirka ta Yamma, har rahotannin shekara na Arewa suna ƙidaya waɗanda suka mutu da waɗanda aka mayar Ingila saboda ciwo. Likitocin gwamnati, waɗanda aka haɗa ƙarƙashin ma'aikata guda ta Afirka ta Yamma a 1902, su ne ke zama su duba Razdan ko Di'o, su rubuta ko zai iya ci gaba ko a sa shi a jirgin ruwa ya koma gida da fanshonsa. Kwamitin likitocin da ma'aikacin gwamnati yake bayyana a gabansa yau daga nan ya samo asali. Lebura kuwa ɗan kullum ne: ranar da bai fito ba, babu kuɗi.

Jamus ta yi dokar inshorar hatsarin ma'aikata a 1884, ta ƙara da ta tsufa da naƙasa a 1889, zamanin Bismarck. Ingila ta yi tata dokar diyyar ma'aikata a 1897. Najeriya, wadda Ingilar ke mulka, sai a 1941 ta samu irinta, shekara 44 bayan ta iyayen gijin, aka fara aiki da ita a 1942. Ko a lokacin ma yaƙi da matsin lambar 'yan ƙwadago suna da hannu a ciki, domin London ta fara gane cewa ba za ta nemi ƙarfin talakawan mulkin mallaka ba alhali ba ta yi musu tanadin komai ba.

Shekarar 1942 ɗin nan ita ce shekarar diban gwamna. Jafan ta ƙwace Malaya, inda daular Ingila ke samun mafi yawan kuzarta, sai ido ya koma kan Filato. Aka umarci En'e-En'e na lardunan Arewa su kawo mutane, dagatai da masu unguwanni suka bi gida-gida, aka kwashi dubun-dubatar manoma zuwa aikin tilas a ramukan kuza har zuwa 1944. Mutanen da suka saba da zafin Katsina da Sakkwato suka tsinci kansu cikin sanyin dutse, da ƙarancin abinci da matsattsun bukkoki. Da yawa sun mutu, da yawa sun gudu, wasu sun koma gida da ciwon ƙirji da ya raka su har kabari. Sabuwar dokar hatsari ta sani: rami ya rufta, inji ya cinye hannu. Mutumin da sanyi da yunwa suka karya shi a hankali ba shi da ranar hatsari da zai nuna, balle shaida. Wannan bambanci tsakanin raunin da aiki ya yi a fili da ciwon da ya zo a sannu, shi ne ya ci gaba da raba ma'aikatan Najeriya gida biyu har yau.

Sojoji ma a wannan lokacin aka fi ganin nasu. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda 'yan Arewa ke da yawa a cikinsu, sun yi yaƙi a dazuzzukan Bama, wasunsu suka dawo babu ƙafa ko babu hannu. Asibitin ƙashi na Igbobi da ke Legas ya fara ne a 1943 a matsayin wurin kula da sojojin da suka ji rauni, kafin ya zama asibitin kowa. Arewa ta samu nata a Dala cikin Kano a 1959.

A ƙetaren iyaka, tsofaffin sojojin Nijar da suka yi wa Faransa yaƙi sun gamu da wata irin cuta daban. A watan Disamba na 1959 majalisar Faransa ta yi doka ta daskarar da fanshon sojojin ƙasashen da suka samu 'yanci a kan adadin da yake a lokacin. Shekaru suka yi ta tafiya, na Bafaranshe yana ƙaruwa, na Ba'afirke yana tsaye, alhali harsashi ɗaya ne ya same su a rami ɗaya. Wani tsohon saje ɗan Senegal, Amadou Diop, ya kai ƙara, kotun ƙoli ta harkokin mulki a Faransa ta ba shi gaskiya a watan Nuwamba na 2001, bayan ya riga ya rasu. Sai a 2007 aka daidaita fanshon naƙasa na sojojin Afirka da na Faransawa, lokacin da akasarin masu haƙƙin sun kwanta dama.

Komawa Najeriya, dokar fansho ta 1951, wadda aka ja farkon aikinta baya zuwa 1 ga Janairun 1946, ita ce ta shimfiɗa tsarin da ma'aikatan gwamnati 'yan ƙasa suka gada. Ta yarda mutum ya ajiye aiki kafin lokacinsa idan shaidar likita ta gamsar da Gwamna cewa jikinsa ko hankalinsa ba zai iya ɗaukar aikin ba, kuma ciwon ba mai wucewa ba ne. Amma fansho a wancan zamani alheri ne na hukuma, ba haƙƙin da mutum zai tsaya a kotu ya nema ba. Sai tsarin mulki na baya, ciki har da na 1999 a sashe na 173 da na 210, suka kare shi a matsayin haƙƙi, suka kuma ce a riƙa sake duba shi duk shekara biyar.

Ma'aikatan kamfanoni sun samu asusun tanadi na ƙasa a 1961, wanda ke biyan kuɗi dunƙule sau ɗaya ga wanda ya tsufa ko ya naƙasa. Kuɗin kaɗan ne, hauhawar farashi kuma ta cinye su. A 1979 gwamnatin soja ta fitar da doka mai lamba 102 ta fanshon farar hula da mai lamba 103 ta sojoji, aka ja su baya zuwa Afrilun 1974. A nan aka rubuta ƙarara cewa ana iya yi wa ma'aikaci ritaya bisa shawarar kwamitin likitoci da aka kafa bisa ƙa'ida, ko idan ya samu naƙasa ta dindindin yana cikin aiki. A 1987 aka sabunta dokar diyya: wanda ya mutu a bakin aiki, iyalinsa su karɓi albashin wata 42, wanda ya naƙasa gaba ɗaya har abada, albashin wata 54. Shekara huɗu da rabi ke nan, ga mutumin da wataƙila yana da shekara 30 a gabansa a kan keken guragu. Kuma daga aljihun mai kamfani ko inshorarsa kuɗin za su fito, don haka sau da yawa sai an je kotu, inda lebura ba ya da ƙarfin jira.

Wani abu mai kyau ya faru a 1993 wanda ba a cika tunawa da shi ba. Doka mai lamba 73 ta mayar da tsohon asusun tanadi zuwa hukumar NSITF, ta fara aiki a Yulin 1994, ta kuma kawo fanshon naƙasa na wata-wata ga ma'aikatan kamfanoni masu mutum biyar zuwa sama. Inshorar gama-kai ce: kowa ya zuba, wanda ƙaddara ta faɗa wa ya ɗiba, ko ciwon nasa daga wurin aiki ya zo ko daga gida. Tafiyar da asusun ta sha suka, masu amfana ba su da yawa. Amma tunanin da ke ƙarƙashinsa daidai ne, kuma shekara goma kacal ya yi.

A farkon shekarun 2000 tsohon tsarin fanshon gwamnati ya durƙushe. Bashin da ake bin gwamnati an ƙiyasta shi da kusan naira tiriliyan 2, jaridu suna ta kawo labarin tsofaffin da suka yanke jiki suka faɗi a layin tantancewa. Shugaba Obasanjo ya ɗora wa Fola Adeola jagorancin kwamitin gyara, aka kwaikwayo tsarin ƙasar Chile, aka sa hannu a dokar a watan Yunin 2004. Daga nan kowane ma'aikaci ya samu asusunsa na kansa a hannun kamfanin kula da fansho, hukumar PenCom tana sa ido. Ma'aikaci da mai aikinsa kowa yana zuba kashi 7.5 cikin 100. Dokar 2014 da Shugaba Jonathan ya sa wa hannu ta ɗaga shi zuwa kashi 18: mai aiki 10, ma'aikaci 8. Sojoji da jami'an leƙen asiri an cire su tun 2011, suka koma tsarinsu na da.

Gyaran ya magance matsalar kuɗin da babu su a ajiye, wannan ba a musu. Amma wurin kwaikwayon an bar wani abu a baya. A Chile, tun 1981, tsarin yana tafe da inshorar naƙasa da ta magada, ta yadda idan ma'aikaci ya naƙasa da ƙuruciya, kamfanin inshora zai cike giɓin abin da bai kai ga tarawa ba. Najeriya ta ɗauki rabi: ta wajabta wa mai aiki ya yi wa ma'aikatansa inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashin shekara ba, wadda sai mutum ya mutu ake biya. Fanshon naƙasa na NSITF kuma ya tafi tare da tsohon tsarin, aka miƙa kuɗin masu zubi ga kamfanin Trustfund.

Ƙofa ta farko da ta rage wa marar lafiya ita ce sashe na 16 na dokar 2014. A ƙa'ida babu mai taɓa asusunsa kafin ya cika shekara 50. An yi togaciya ga wanda aka yi wa ritaya bisa shawarar ƙwararren likita ko kwamitin likitoci cewa ba zai iya aikinsa ba, da wanda ya samu naƙasa ta dindindin a jiki ko a ƙwaƙwalwa. Irin wannan mutum, ko shekararsa 35, ana buɗe masa asusun kamar kowane ɗan fansho: a ba shi wani kaso dunƙule idan kuɗin sun kai, sauran a tsara masa wata-wata ta hannun kamfanin fanshonsa, ko ya saya wa kansa fanshon har abada daga kamfanin inshora. Dokar ta kuma bar ƙofar dawowa. Yana iya neman a sake duba lafiyarsa sau ɗaya duk shekara biyu, idan ya warware ya samu wani aikin, ya ci gaba da zubi.

Takardun da ake nema ba su da yawa, amma kowace tana iya tsayar da mutum watanni. Rahoton likita daga asibitin da hukuma ta amince da shi. Wasiƙar ritaya daga wurin aiki wadda ta faɗi a fili cewa saboda rashin lafiya ne. Takardun albashin watannin ƙarshe, shaidar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru, da tabbacin cewa mai aikin ya zuba duk abin da ya yanka. Wasiƙar nan ita ce inda mutane suka fi faɗawa rami. Wanda ciwo ya kwantar ya daina zuwa ofis kawai, ko ya rubuta takardar barin aiki da hannunsa don jin kunyar cin albashi yana kwance, ya fita daga wannan togaciya. Sai ya koma layin waɗanda suka rasa aiki, su kuma kashi 25 cikin 100 kaɗai ake ba su bayan wata huɗu, sauran sai sun kai 50. Ƙa'idojin aikin gwamnatin tarayya sun tanadi hanyar: ma'aikacin da ba a kwantar a asibiti ba, idan hutun ciwonsa ya wuce kwana 42 a cikin wata 12, a gabatar da shi gaban kwamitin likitoci. Mutane da yawa suna gudun wannan kwamiti don tsoron kora, alhali takardarsa ce ke mayar da barin aikin ya zama ritaya.

Amma ko an bi duk wannan, abin da mutum ya tara shi zai ci. A ɗauki misali: wanda ake lissafa zubinsa a kan naira 100,000 a wata, naira 18,000 ke shiga asusunsa. Idan shanyewar ɓarin jiki ta same shi bayan shekara biyar da fara aiki, abin da ke ciki naira 1,080,000 ne da 'yar ribar da ta hau. Da wannan zai ci, ya sayi magani, ya biya kuɗin makarantar yara, har iyakar rayuwarsa. Dokar 2014 ta yi alkawarin mafi ƙarancin fansho da gwamnati za ta tabbatar, amma alkawarin ya shafe shekaru a kan takarda.

Ƙofa ta biyu ta fi wannan faɗi, kuma ita ce aka fi jahilta. A watan Disamba na 2010 aka soke dokar 1987, aka kawo sabuwar dokar diyyar ma'aikata, aka damƙa ta a hannun NSITF. Kowane mai aiki, gwamnati ko kamfani, zai zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya, kuma haramun ne ya yanke shi daga kuɗin ma'aikaci. Ba a tambayar laifin wane ne. Dokar ta haɗa da cututtukan da sana'a ke jawowa, da kurumtar da ƙarar inji ke haifarwa, da taɓuwar ƙwaƙwalwa saboda abin da ya faru a wurin aiki, har da hatsarin da ya samu mutum a hanyarsa tsakanin gida da wurin aiki. Wanda ya naƙasa gaba ɗaya ana biyansa kashi 90 cikin 100 na albashinsa wata-wata, ban da kuɗin magani da ƙafar roba ko keke idan yana buƙata. Wato mai naira 100,000 ɗin can, da a kan babur ɗinsa na zuwa ofis mota ta buge shi, naira 90,000 zai riƙa karɓa, kuma asusun fanshonsa yana nan.

Mutum ɗaya, naƙasa iri ɗaya, albashi ɗaya. Abin da ya raba su shi ne dalilin ciwon. Hawan jini, ciwon ƙoda, makantar da ciwon suga ke kawowa, waɗanda su ne suka fi kwantar da ma'aikata masu matsakaicin shekaru, galibi ba sa shiga ƙofa ta biyu. Giɓin da leburan kuza na 1942 suka faɗa ciki bai rufu ba, kuma rufe shi ba ya buƙatar sabuwar hukuma. Ƙara inshorar naƙasa a kan inshorar ran da doka ta riga ta wajabta zai yi aikin, kamar yadda ƙasar da aka kwaikwaya ta yi tun ranar farko. Ƙungiyoyin ƙwadago da ke tsayawa kai da fata kan mafi ƙarancin albashi ya kamata su sa wannan a sahun gaba na buƙatunsu.

Akwai kuma waɗanda ko ɗaya daga cikin ƙofofin ba tasu ba ce. Jihohi suna da nasu dokokin fansho, wasu kamar Kano da Jigawa suna tara zubin wuri ɗaya su biya bisa albashin ƙarshe, don haka malamin firamare a ƙaramar hukuma dokar jiharsa zai nema ya karanta. Direban tasha, da makaniki, da mai ɗinki, da birkila, waɗanda su ne mafi yawan masu neman abinci a ƙasar, sai a 2019 aka buɗe musu ƙaramin tsarin fansho na sa-kai. A shekarar ce kuma Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci, wadda ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Galibin waɗannan mutane har yanzu dangi ne madogararsu, dangin da ba su da rumbu ɗaya kamar da.

Mai aikin albashi kuwa, akwai abin da zai iya yi tun yana da lafiya. Ya tambayi ofishin ma'aikata ko wurin aikinsa ya yi rajista da NSITF, domin masu aiki da yawa ba su yi ba. Ya riƙa duba saƙon kamfanin fanshonsa ya ga ko zubin yana shiga. Ya sanar da matarsa ko babban ɗansa inda lambar asusunsa take, tunda ranar da za a neme ta wataƙila shi ba zai iya magana ba. Idan rauni ya same shi a bakin aiki ko a hanya, doka ta ba shi ko iyalinsa kwana 14 su sanar da mai aikin, shi kuma mai aikin kwana 7 ya kai rahoto ga NSITF, sannan a shigar da takardar neman diyya kafin shekara ɗaya ta cika.